BABI NA UKU: DANGANTAKAR JURIYA DA NASARAR KARATU A TSAKANIN ƊALIBAN AIKIN JINYA NA FAGGE DA SABON GARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an waiwayi tarihin unguwannin Fagge da Sabon Gari, aka nuna yadda Fagge ta faro a matsayin zangon fataken da ke ƙetaro Sahara, da kuma yadda Sabon Gari ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911. A wannan babi kuwa za a duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa iyaye da malamai tuwo a ƙwarya, wato dalilin da ke sa ɗalibai biyu su shiga makarantar koyon aikin jinya da sakamako iri ɗaya, amma ɗaya ta kammala ta karɓi lasisi, ɗayar kuwa ta dawo gida tun ba a je ko'ina ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai ɗaya ta fi ɗaya juriya. Za a yi ƙoƙarin gano gaskiyar wannan magana da kuma inda ta tsaya. An fi amfani da lamirin mace a cikin bayanin saboda mata sun fi yawa a wannan fage, amma abin da aka faɗa ya shafi ɗalibai maza su ma.

3.1 Ma'anar Juriya

Kalmar juriya ta samo asali ne daga aikatau "jure", wato mutum ya ɗauki wahala ko zafi ba tare da ya karaya ba. Bahaushe yana da wasu kalmomi da ke maƙwabtaka da ita, kamar haƙuri da dauriya da naci da jajircewa, kuma a maganar yau da kullum akan saka wannan a gurbin waccan. Sai dai a wannan nazari akwai bukatar a rarrabe tsakanin juriya da haƙuri.

Kirk-Greene (1974) ya sanya haƙuri a cikin halayen da ke mayar da mutum mutumin kirki a idon Bahaushe, tare da irin su gaskiya da amana da kunya da ladabi. Karin maganar Hausa ma ta tabbatar da haka, domin kuwa ana cewa mahaƙurci mawadaci, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To amma haƙuri, kamar yadda aka fi horar da 'ya mace a kansa, ya ƙunshi kame baki da haɗiye damuwa. Ɗalibar da ba ta gane darasin lissafin magani ba, ta yi shiru ta haɗiye, ta yi haƙuri ke nan a idon jama'a. Wadda ta faɗi gwajin, ta yi kukanta, washegari ta ɗauki littafinta ta sami wata 'yar aji uku ta ce a sake koya mata, ita ce ta yi abin da ake kira juriya a wannan babi. Abin nufi a nan shi ne, juriya ita ce mutum ya iya miƙewa bayan faɗuwa, ya sake dabara, ya ci gaba da abin da ya sa a gaba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan hali. Aikin da ya fi shahara shi ne na Werner da Smith (1982), waɗanda suka bi diddigin rayuwar yara 698 da aka haifa a shekarar 1955 a tsibirin Kawai na jihar Hawai ta Amurka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun taso ne cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye. Abin mamakin shi ne, daga cikin waɗannan da suka taso a wahala, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutane natsattsu masu riƙe kansu. Da aka bincika sai aka tarar galibinsu sun sami aƙalla babban mutum guda da ya tsaya musu, ko kaka ko gwaggo ko malami, kuma da yawansu an ɗora musu wani nauyi tun suna ƙanana, kamar renon ƙanne. Rutter (1987) ya ƙara da cewa juriya takan sauya da sauyin hali, mai juriya a yau yana iya karaya gobe idan abin da yake dogara da shi ya kau. Ita kuwa Masten (2001) ta nuna cewa babu wata baiwa ta musamman a cikin lamarin, abubuwa ne na yau da kullum suke haifar da ita.

Wannan bayani bai yi wa tunanin Bahaushe nisa ba, tun da shi ne ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.2 Matakan da Ake Auna Nasarar Ɗalibar Jinya

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda doka mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa, ita ke da alhakin tsara karatun da shirya jarrabawar ƙarshe da bayar da lasisi. Kafin a ɗauki ɗaliba sai ta sami kiredit a darussa biyar, wato Ingilishi da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji. 'Ya'yan Fagge da Sabon Gari sukan nemi gurbi a makarantun jinya da ungozoma na gwamnatin jihar Kano, ko makarantar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuma Jami'ar Bayero inda ake yin digiri na shekara biyar. A 'yan shekarun nan an mayar da makarantu da dama zuwa kwalejoji masu bayar da difloma da babbar difloma, amma ginshiƙin horon bai sauya ba.

A tsarin shekara uku da aka daɗe ana bi, siraɗin farko shi ne watanni shida na share fage, waɗanda ɗalibai ke kira PTS. A wannan ɗan lokaci ake ɗura wa ɗaliba ilimin sassan jikin ɗan'adam da yadda suke aiki da tushen aikin jinya, sannan a yi jarrabawar tankaɗe da rairaya. Wadda ta tsallake ita ake yi wa bikin ɗora hula, ta zama cikakkiyar ɗaliba. Daga nan sai karatu ya rabu gida biyu, wani lokaci a aji, wani lokaci a ɗakunan marasa lafiya, har da aikin dare. A ƙarshe akwai jarrabawar makaranta, sannan ta Hukuma, wadda ta ƙunshi rubutu da kuma gwajin aiki a gaban masu sa ido.

Saboda haka nasara a nan ta bambanta da ta ɗalibin tarihi ko na Hausa. Ɗalibin Hausa yana iya kwana uku bai shiga aji ba, ya ari littafin abokinsa ya kwafa. Ɗalibar jinya ba ta da wanda zai ara mata sa'o'in da ya kamata ta yi a bakin gadon mara lafiya.

3.3 Inda Ake Gwada Juriyar

3.3.1 Harshe

Da Ingilishi ake koyarwa, sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da cututtuka kuwa akasarinsu daga Latin da Girkanci aka samo su. Yarinyar da ta taso a Fagge ta yi makarantar gwamnati, wadda Hausa ce harshenta a gida da kasuwa da Islamiyya, takan sha wuya ƙwarai a watannin share fage, ko da kuwa tana da kaifin basira. Takwararta ta Sabon Gari, wadda wataƙila iyayenta Ibo ne ko Yarabawa ko mutanen tsakiyar Nijeriya, sau da yawa takan fi sakewa a aji saboda ta saba da Ingilishi tun tana ƙarama.

Da zarar an shiga asibiti sai reshe ya juye da mujiya. Majinyatan Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, ko na Asibitin Sheikh Muhammad Jidda da aka fi sani da Kuroda, mafi yawansu da Hausa za su faɗi abin da ke damunsu, kuma Hausar ma mai lulluɓi. Mace za ta ce sanyi ke damunta, alhali ba mura take nufi ba, ciwo ne na al'aura wanda kunya ta hana ta ambata. Wata za ta ce tana fashin salla, ma'ana tana jinin al'ada. Tsoho zai ce shawara ce ta kama shi, ko ya ce basir ne, kalmar da takan ɗauki cututtuka da dama waɗanda likita ba zai haɗa su wuri ɗaya ba. Haifaffiyar Sabon Gari tana iya jin Hausar ciniki kamar jakin Kano, amma ta tsaya turus a gaban irin wannan magana. Ita kuwa Bafagiya a nan take samun kanta. Ke nan kowace daga cikinsu tana da wurin da za ta ji ta kasa, sai dai lokacin ne ya bambanta. Abin lura shi ne ta Fagge ita ke fara gamuwa da tata wahalar, kuma a daidai matakin da ake sallamar mutane. Idan ba ta tsallake wata shidan farko ba, babu wanda zai taɓa ganin irin gwanintar da za ta nuna a bakin gado.

3.3.2 Kuɗi da Zirga-zirga

Fagge da Sabon Gari unguwanni ne na kasuwanci. Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Kasuwar Sabon Gari su ke ciyar da gidaje masu yawa, don haka kuɗin makarantar ɗaliba yakan bi hawa da saukar kasuwa. Gobarar da ta tashi a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya, kuma a bayan shaguna da yawa akwai yaran da ake biya wa makaranta. Haka kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 aka koma ga Adaidaita Sahu, sannan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin mota. Ɗalibar da ba ta sami ɗakin kwana ba, wadda za ta taso daga Sabon Gari ta isa titin Zariya kafin a karɓi aikin safe, kullum da wannan lissafi take kwana.

3.3.3 Aure, Kunya da Aikin Dare

Wannan ita ce gaɓar da ta fi nauyi ga 'yar Hausawa. Shekarun karatun jinya su ne shekarun da ake sa ran yarinya ta yi aure, don haka ɗalibai da yawa da aurensu suke karatu, wasu da ciki, wasu da goyo. Aikin dare yana bukatar yardar miji, kuma ko miji ya yarda akwai uwar miji da maƙwabta masu lura da lokacin fita da na dawowa. Ga kuma batun kunya. Yarinyar da aka horar da ita kada ta haɗa ido da babba, ita ce za a ce ta yi wa dattijo sa'an kakanta wankan gado, ko ta tambayi matar da ta haife ta yaushe rabonta da al'ada. Kunya hali ne mai kyau a wurin Bahaushe, amma a ranar gwajin aiki mai sa ido ba zai ba da maki a kan abin da ɗaliba ta sani ta kasa furtawa ba.

Kramer (1974) ta yi bayanin irin girgizar da sababbin ma'aikatan jinya ke yi idan suka tarar abin da ke asibiti ya saɓa wa abin da aka koya musu a aji. A Kano wannan girgiza tun ana ɗaliba take farawa. An koya mata gado ɗaya majinyaci ɗaya, sai ta tarar da cunkoso. An koya mata sanya safar hannu ga kowane aiki, sai ta ga ana rubuta wa 'yan'uwan mara lafiya su sayo. A nan ne kuma da yawa suke fara ganin fitar rai.

Mutanen wannan yanki ba baƙin annoba ba ne. Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, wanda ake kira Asibitin Zana, a cikin ƙaramar hukumar Fagge yake. A shekarar 1996 ya cika ya batse lokacin da sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa suka haɗu a lokaci ɗaya, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. An sake ganin irin wannan tashin hankali a lokacin korona a 2020, da kuma annobar mashaƙo ta 2023 wadda Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. A irin wannan lokaci tsoron da ke gida yakan fi na asibiti, domin uwa ce za ta ce a bar karatun nan haka, rai ya fi takarda.

3.4 Yadda Juriya ke Shafar Sakamako

Nazarce-nazarcen da aka yi a kan ɗaliban jinya sun nuna akwai dangantaka tsakanin juriya da nasara. Beauvais da abokan aikinta (2014) sun sami haka a Amurka, sai dai dangantakar ba mai ƙarfi ba ce sosai. Van Hoek da abokan aikinta (2019) kuwa sun gano a ƙasar Beljiyam cewa ɗaliban da juriyarsu ta yi ƙasa sun fi tunanin barin karatun. Idan aka haɗa waɗannan sakamako biyu za a fahimci wani abu muhimmi. Juriya ba ta koya wa ɗaliba sunayen jijiyoyin zuciya, ba ta kuma maye gurbin karatun da ba a yi ba. Aikinta shi ne ta riƙe ɗaliba a cikin makaranta, da hankalinta a jikinta, har karatun ya sami lokacin zama.

Ana iya ganin haka ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce fassarar da ɗaliba ke yi wa faɗuwa. Lazarus da Folkman (1984) sun nuna cewa nauyin damuwa ya danganta ne da yadda mutum ya auna abin da ya same shi da kuma abin da yake ganin yana da shi na tunkararsa. Wadda ta ce "ba ni da kai" ta rufe ƙofa. Wadda ta ce "ban iya amsa tambayar rubutu da Ingilishi ba" ta gano abin da za ta gyara. A nan imani da ƙaddara yana iya zama makami mai kaifi biyu. Yana sanyaya zuciya bayan faɗuwa, ya hana mutum cin kansa da baƙin ciki, amma idan aka yi masa gurguwar fahimta sai ya zama dalilin naɗe hannu, alhali malamai sun sha nanata cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Ta biyu ita ce neman taimako, wanda aka riga aka ambata. Ta uku kuwa ita ce farfaɗowa bayan mummunan dare. Ɗalibar da majinyaci ya rasu a hannunta da asuba, kuma tana da gwaji ranar Litinin, tana bukatar wanda za ta faɗa wa abin da ta gani kafin ta iya buɗe littafi.

Dukkan hanyoyin nan uku suna komawa ga mutanen da ke kewaye da ɗaliba. A Fagge yawanci dangi ne, wato uwa ko yaya da za ta riƙe jariri, ko kawun da ke Kwari da zai cika kuɗin rajista, ko adashin da uwa ta shiga. A Sabon Gari, inda dangi da yawa suke can kudu, coci da masallaci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ke tsayawa a wannan gurbi. A cikin makaranta kuma akwai rukunin karatu, kuma rukunin da ya haɗa 'yar Fagge da 'yar Sabon Gari yana da wata fa'ida ta daban, domin kowace tana riƙe da abin da ɗayar ta rasa.

Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, misali ne na yadda ake gina juriya daga waje. Shirin ya kawo shekarar share fage ga 'yan matan karkara domin su cike giɓin darussan kimiyya da Ingilishi kafin su nemi gurbi, ya kuma taimaka wajen samar da masauki da wurin renon yara ga ɗalibai masu aure. Duk da cewa 'yan karkara aka nufa da shi, matsalolin da ya tunkara su ne dai aka lissafa a sama.

3.5 Matsalolin Auna Juriya

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Connor da Davidson (2003), mai ɗauke da jimloli 25, inda mai amsawa zai ba kansa maki daga 0 zuwa 4 a kan kowace. Amfani da shi a Kano yana bukatar taka-tsantsan. Mutumin da aka saba masa da amsa gaisuwa da "lafiya lau" ko da yana kwance a gadon asibiti, kuma yake ganin ƙorafi kamar butulci ne ga Ubangiji, da wuya ya rubuta da hannunsa cewa yana saurin karaya. Sakamakon zai iya nuna kowa jarumi ne.

Har ila yau, mai binciken da ya raba takardun tambayoyi ga 'yan aji uku ya makara, saboda waɗanda suka fi dacewa a ji ta bakinsu sun riga sun tafi tun a watannin share fage. Sannan ko an sami dangantaka, ba a san wanne ya haifi wanne ba. Ɗalibar da ta ci jarrabawa uku a jere dole ta ji ƙarfin zuciya, don haka nasarar ma tana haifar da juriya.

3.6 Iyakar Juriya

Akwai haɗari idan aka yawaita wa'azin juriya, domin yana iya zama hanyar ɗora wa ɗaliba laifin abin da ba nata ba. Inda malami ɗaya ke fama da aji mai cunkoso, ko ɗakin gwaji ba shi da isassun kayan aiki, ko aka bar ɗaliba ita kaɗai da ɗaki guda na majinyata da dare saboda ƙarancin ma'aikata, kiran ta jure ba zai gyara komai ba. Shekaru da dama ƙa'idar Hukuma ita ce duk wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe sau uku an sallame shi ke nan, komai shekarun da ya ɓata. A shekarar 2025 Hukumar ta sanar da soke wannan ƙa'ida, aka bar wa ɗalibi damar sake zama. Kafin wannan sauyi, ɗalibar da ke da niyyar sake gwadawa karo na huɗu ba ta da inda za ta kai niyyar tata.

Wani abin dubawa kuma shi ne inda masu juriyar ke ƙarewa. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 ne suka bar Nijeriya a cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Galibi ƙwararrun da suka daɗe a bakin aiki ne ke samun hanyar fita zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya, kuma su ne waɗanda ya kamata ɗaliba ta tarar a ɗakin majinyata, su tsaya a kanta ranar da za ta fara yin allura.